Butar Malam Zubairu da Jirgin Ikko

Masu wucewa ta hawan Ladeira da Praça a safiyar nan ƙosan Laraba kawai suka gani. Ba wanda ya lura da bakin buta da ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin zanen da ta rufe kwandonta da shi. Butar kakanta ce, Malam Zubairu, wanda ya tsufa yana ɗaukar masu hali a kujera cikin birnin Salvador na ƙasar Brazil har ya fanshi kansa daga bauta. Gobe jirgin Ikko zai tashi, ya kuma rantse da shi za a tafi. Sai dai ko bakin ruwa ba ya zuwa ba tare da butar nan ba. Sai ga shi ya iso, Laraba ta gaishe shi.

"Lafiya lau, amarya. Ina butata?"

"Haba ango, ko gaisuwar ba mu gama ba. Wace buta?"

"Wadda ta girmi uwarki. Ɓarauniya! Ki ba ni, jirgi ba ya jiran mai ƙosai."

"Jirgin zai ɗauki tsohon da haƙoransa ba su kai biyar ba? Ikkon ma an ce yanzu tana hannun Ingilishi. Da wane baki za ka yi musu magana?"

"Ina da Turancina."

"Kalma ɗaya!"

"Ta ishi mai hankali. Shekara ashirin ina hawo da matuƙan jirginsu daga bakin ruwa. In kun ɗaga kujera, Bature ya ce orait. In kun sauke, orait. Ya ƙoshi, orait. Ya fusata, orait, sai dai ya ja ta ta hanci. Na taɓa kifar da wani kyaftin cikin kwata, ya miƙe da laka har gemu. Na ce, orait? Ya ce, orait."

"Abokinka Baba Aliyu ya ce da lema ya kwaɗe ka."

"Wannan bayan orait ɗin ne."

"To in teku ta juya maka ciki fa?"

"Orait."

"In an tambaye ka hanyar garinku?"

"Sai in nuna arewa in ce orait. Ke da Hausarki rabi Yarbanci ce, har kin isa ki auna bakina? Ƙosan nan ma gishiri ya yi masa yawa."

"Uku ka cinye kana faɗa."

"Don in rage wa mutane azaba."

Laraba ta juya ƙosai a kasko. Ba ta ɗago ba, muryarta ta yi ƙasa.

"Nan da wata biyar gidan Yahaya za a yi baƙo."

"Yahayan da ya ƙwace mini mata?"

"Shi. Malam Idirisu ya rasu, Baba Aliyu ya manta rabin Fatiha. Duk garin nan kai kaɗai ka rage da za ka yi wa jariri huɗuba a kunne, ka raɗa masa suna. In ka tafi, sai dai in ce masa orait."

Ta yaye zanen, ta miƙa masa butar.

"Ga ta. Allah ya kiyaye hanya."

Tsohon ya riƙe butar, ya daɗe yana kallon teku ta tsakanin gidaje. Can sai dariya ta ƙwace masa, har da tari.

"Ja'ira! Shekara hamsin ina jiran jirgin nan, ki hana ni da wanda ko kunnen ma bai gama fitowa ba. In namiji ne sunana zai ci."

"Sunan kawai, ban da haƙoran."

Ya zaro ƙullin goron da ya tanada don hanya, ya ajiye mata a gefen faranti. Ya ɗauki ƙosai na huɗu, ya gangara maɓulɓula ya cika butar, ya mayar da ita bakin ƙofar ɗakinsa inda ya saba ajiye ta.