Wurin Zamana a Ɗaurin Auren Sandamu

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ɗan Alhaji Sale ba, ko da yake na yi ƙoƙarin mantawa.

Ni kafinta ne a Daura, kuma dattijo a ikilisiyarmu. Ni ke jagorantar nazarin Maganar Allah a zumuntar maza, kuma ƙa'idata ɗaya ce: a karanta, a fahimta, a aikata. A wancan makon mun yi nazarin koyarwar Yesu cewa in an gayyace ka biki, kada ka zauna a wurin manya, don kada a tashe ka a gaban jama'a. Ka zauna can baya, mai gida da kansa zai kira ka gaba.

Bitrus, wani bakanike da ba ya barin magana ta wuce, ya ɗaga hannu. "Baba Yohanna, a bikin ƙasar nan in ka zauna baya, ko goro ba ka gani."

Na ce masa, "Ranar Asabar kai za ka kai ni ɗaurin aure Sandamu a babur. Za ka gani da idonka." Na faɗi haka a gaban mazan zumunta duka.

Alhaji Sale maƙwabcina ne, ɗan kasuwar hatsi, mun daɗe tare. Na tabbata zai neme ni. Na sa babbar rigata mai aiki (wai tawali'u zan je yi), muka tafi.

A ƙofar gidan amarya an shimfiɗa kafet a gaba don liman da waliyyai, sai tabarmi a baya. Na wuce tabarmin duka, na zauna a ƙarshe, inda ake tuɓe takalma. Na farko, rana ta same ni. Na biyu, wani baƙo ya ajiye takalminsa a gabana ya ce, "Baba, a duba mini." Na uku, aka raba goro da alawa, suka ƙare kafin su iso layinmu.

Bitrus ya sunkuyo. "Baba, har yanzu ba a kira ba?"

"Yi shiru."

Can na hango Alhaji Sale yana gaisawa da baƙi. Na yi gyaran murya. Na gyara hula. Ya dubi wajena, ya ɗaga mini hannu, ya juya abinsa.

Nan fa raina ya ɓaci. Na tuna ranar Lahadi, da yadda Bitrus zai ba da labari. Sai na ce a raina wataƙila mai gida yana bukatar a taimaka masa. Na miƙe, na ratsa mutane, na ga wani wuri a kan kafet kusa da liman babu kowa, na zauna.

Ban gama tattara riga ba sanƙira ya ɗaga murya: "Waliyyin amarya ya iso! Baffan yarinya daga Mashi ya iso, Allah ya ja zamaninsa!"

Kowa ya juyo. Ashe baffan nan ake jira, kuma ba kowa ya san fuskarsa ba. Liman ya miƙo mini hannu da fara'a. "Sannu da hanya, Alhaji. Yaya sunan, don a sanar?"

Ƙarya ba ta cikin tsarina. Na ce, "Yohanna."

Sai ga wani dattijo siriri ya tsaya a kaina, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Ya ce a hankali, "Bawan Allah, ko za ka ɗan matsa? 'Yata zan aurar."

Hanyar komawa baya ta fi ta zuwa tsawo. Sanƙira bai taimaka ba: "A ba Malam Yohanna hanya!" Da na isa wurin takalma, Bitrus ya cusa kai cikin riga, kafaɗunsa na rawa.

Bayan an shafa Fatiha, Alhaji Sale ya zo ya kama hannuna yana dariya. "Malam Yohanna, yau har 'yar mutane za ka bayar? Ai tun ɗazu na gan ka. Na ce kada kowa ya matsa maka, na ɗauka addininku ne ya sa ka ware gefe lokacin addu'a. Tashi mu je, abincinka na zaure tare da na manya."

Wato mutumin girmama ni yake yi, ni kuwa ina can ina ƙirga laifinsa.

Ranar Lahadi ban jira Bitrus ba, ni na ba da labarin da bakina, daki-daki. Da aka gama dariya ya ce, "To Baba, Maganar ta cika ko ba ta cika ba?"

Na ce ta cika sarai, sai dai ɓangaren da ban shirya masa ba.

Har yau baya nake zama a wurin biki. Bambancin kawai, yanzu na daina leƙen mai gida, kuma ina tafiya da gorona a aljihu.