Nomau da Allurar da Ta Ƙi Sifili

A ƙauyen Tungar Maje akwai wani mai gyaran rediyo da sikeli, Sallau, da matarsa Tabawa, da ƙanensa Nomau. Nomau ya yi gemu, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Ba abin da yake so a duniya kamar zama kusa da yayansa.

Sallau na aiki da wasu 'yan ƙananan kayan lantarki da ake kira aisi, baƙaƙe masu ƙafa takwas, waɗanda ke ƙara wa raunanniyar wuta ƙarfi. A littafi, in ba a ba su komai ba, allurar mitar awon wuta sai ta kwanta a sifili. A zahiri kuwa kowanne da 'yar karkatarsa, ita Sallau ke aunawa.

Wata rana ya jona ɗaya, ya ce wa Nomau cikin wasa, "Zauna ka kalla, kar ka tashi sai ta tsaya a sifili." Ya tafi kasuwa. Da magariba ya tarar da awaki sun cinye shanyar masara a gaban Nomau.

"Yaya, ta kusa," in ji Nomau.

Wata rana Sallau ya ce, "Zafi ke ƙara musu karkata. Kai su wuri mafi sanyi a gidan nan." Nomau ya juye su a randa. Tabawa ta ɗebo ruwa, ta ga ƙafafu a moɗa, ta kurma ihu har maƙwabta suka shigo da sanduna.

Wata rana aka kawo gyaran sikelin jarirai na asibitin ƙauye. Sallau ya sa sabon aisi, ya auna da sanyin safiya, ya ga karkatar ba ta taka kara ta karya ba. Ana cikin haka Nomau ya taka masa tabarau. Ran Sallau ya ɓaci, ya ɗora masa sikelin da mitar jone.

"Ɓace min da gani! Kar ka dawo sai ta nuna sifili!"

Kaico, da ya san da wa yake magana! Nomau ya gwada inuwa, ya gwada rana, ya ƙare a barandar asibiti, ƙarƙashin rufin kwano mai zafi. Nan malamar asibiti ta ga sikeli ba kowa a kai, amma nauyi na ta hawa saboda zafi. Da an karɓe shi haka, da ramammun jarirai sun zama lafiyayyu a ido, an sallame su ba magani. Ta aika wa Sallau godiya, a zatonta gwaji ya turo Nomau ya yi.

Kunya ta hana Sallau zuwa da wuri. Nomau ya yi ta kwana a barandar, ruwan damina na dukansa, har tari ya kama shi. Da Sallau ya zo, ya tsuguna.

"Tashi mu je gida, ƙanena."

"Yaya, ba ta tsaya ba tukuna."

Sallau bai taɓa yin ƙarya a awo ba sai ranar. Ya miƙa hannu ta baya, ya zare batir. Allura ta faɗi.

"Yaya, ta tsaya!" Nomau ya miƙe yana dariya yana tari.

Tarin nan bai sake shi ba har ya koma ga Allah, kuma Sallau bai yafe wa kansa ba.