Wayar Cocin Tudun Maje

A ƙauyenmu Tudun Maje akwai wani mutum mai suna Habila, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, shi ke share coci da buga ƙararrawa. Ba mugu ba ne, sai dai in ka ce masa ya tsaya nan, to gobe ma a nan za ka same shi. Daga shi sai mahaifiyarsa Iya Rifkatu a gida, idonta ya kusa tafiya. Akwai ƙanensa Filibus, autan Iya, wanda ya mari wani dattijo a kan iyakar gona, aka tsayar da shi gaban jama'a ran Lahadi aka sa shi a horon coci. Ranar ya bar gari, shekara goma sha ɗaya ke nan, ko lambarsa babu mai ita. Har yau ina jin haushin dattawanmu, sun manta hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ita kuwa Iya ba ta da buri a duniya sai ta ji muryar yaron nan kafin ta kwanta dama.

Wata rana Fasto Irmiya ya dawo daga taro da sabuwar waya, ya ce an buɗe wa coci shafi a Fesbuk don 'ya'yanmu da suka watse birane su riƙa ganin gida. Matasa duk sun tafi, mu da muka rage idanunmu sun yi laushi. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, sai aka koya wa Habila inda zai danna.

"Duk wanda ya shigo coci ka ɗauke shi hoto ka sa a shafi," in ji Fasto.

"To, Baba Fasto."

Ran Lahadi Habila ya ɗauki mutum goma sha bakwai. Ran Litinin ya ɗauki awaki biyu da suka fake wa ruwa, Talata kaza da 'ya'yanta, Laraba ƙadangare a kan bagade, wato teburin gaban coci. Yaranmu na birni suka yi ta dariya, suna tambaya ko awakin sun yi baftisma. Ni ban yi dariya ba, don hotunan ba su yi ƙarya ba, dabbobi sun fi mu zuwa.

Wata rana Fasto ya kira shi ya ja masa kunne. "Bar dabbobi. Kuma kada ka sa fuskar kowa sai ya ba ka izini da bakinsa." A makon aka yi jana'izar Baba Zakka, tsohon mai koyar da waƙa. Ana shirin rufe akwati, sai ga Habila ya sunkuya a kan mamacin.

"Baba, in sa fuskarka?"

Ya jira. Ya sake tambaya. Da bai ji amsa ba, ya dube mu, mu masu kuka, ya ga ba mai iya buɗe baki, sai ya juya wayar ƙasa ya ɗauki ƙafafu. Abin da 'ya'yan Baba Zakka suka gani na jana'izar ubansu ke nan daga Legas: silifa masu faci da dugadugai duk faso. Babbar 'yarsa ta gane ƙafar mahaifiyarta a ciki, ta bugo waya tana kuka har ba a jin abin da take faɗa.

Wata rana Fasto ya ce za a nuna sujadar Lahadi kai tsaye a shafi. Ya nemi izinin jama'a, kowa ya yarda, ya tsayar da Habila a gefen bagade.

"Riƙe ta haka. Kada ka kashe sai na ce ka kashe."

Ana addu'ar rufewa aka zo da gudu, wai matar mai gadin makaranta ta faɗi a bakin rijiya. Fasto ya fita ko Littafinsa bai ɗauka ba, jama'a suka bi shi. Habila ya tsaya inda aka tsayar da shi, waya a sama.

Iya Rifkatu ba ta iya gudu. Da ta ji coci ya yi tsit, ta ɗauka babu kowa. Ta lalubo da sandarta har gaba, ta durƙusa.

"Ubangiji, ni ce dai. Ban roƙe ka idona ba, riƙe abinka. Filibus nake roƙo. In yana jin kunyar garin nan ne, gaya masa wanda ya mara ya daɗe a ƙasa, kuma ya yafe masa kafin ya tafi. In ba zai zo ba, ya bar ni in ji muryarsa kawai. Na gaji, Uba."

Hawaye na zuba a fuskar Habila, amma bai kashe ba. Haka Fasto ya dawo ya same su. Ya fizge wayar, ransa a ɓace.

"Kai Habila! Addu'ar tsohuwa tsakaninta da Allah ka baza wa duniya?"

Dattawa suka ce lallai a karɓe wayar daga hannun wawan nan, a goge abin. Amma kafin a goge, yaranmu sun riga sun tura wa juna. Da la'asar wayar coci ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Fasto ya ɗauka, ya saurara, sai ya kama hanyar gidan Iya da sauri, ya kara mata a kunne.

"Iya, ni ne."

Ta kama hannun Fasto ta matso da wayar. Sannan ta ce, "Auta, ka ci abinci?"

Sun daɗe suna magana. Ya ce yana can Kudu yana tuƙin babbar mota, zai taso da zarar ya sauke kaya. Iya ta rasu ran Talata da hantsi, Filibus ya iso Laraba, ya sami ramin ana tonawa. Ya karɓi magirbi a hannun wani ya gama haƙan da kansa.

Bayan an rufe ta, ya zauna kusa da yayansa a gindin mangwaro.

"Yaya, ka ga tana kuka, me ya hana ka kashe wayar?"

Habila ya share hanci da bakin riga.

"Na so in kashe, Auta. Ba a ce in kashe ba."