Raket Ɗin Shugaban Sashen Sayayya

A duk ma'aikatarmu babu mai ido irin na Shugaban Sashen Sayayya. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma ya maimaita har mun haddace. Allah ya yi masa baiwar gane kaya masu kyau, hanyarsa kuwa mai sauƙi ce: a ɗaga abu a ji nauyinsa, in ya rinjayi hannu to shi ne na ƙwarai. Shi ya sayo mana kujerun ɗakin taro waɗanda sai mutum biyu ke iya jan ɗaya, da abin maƙala takarda wanda sakatariya ke dannawa da hannu biyu tana nishi. In an yi gunaguni sai ya gyara wuyan riga, ya ce shi ba ya sayen kayan ƙananan mutane, sai na manya. Daga nan suna ya bi shi. A gabansa Yallaɓai, a bayan idonsa Sai-Na-Manya.

Abu ɗaya ya rage wa bawan Allahn nan a duniya, wato kujerar Mataimakin Manaja, wadda ta yi wata huɗu babu kowa a kanta. Duk sanda ya zo wucewa ta ƙofar ofishin sai ya rage tafiya, ya leƙa ya ga ko ana share masa ita da kyau. Kowa kuma ya san hanyar kujerar ba ta ɗakin taro ta bi ba, ta filin tanis ta bi. Babban Manaja mayen tanis ne, kuma mataimakansa biyu da suka gabata duk daga gefensa a fili aka ɗauko su. Saboda haka ranar da aka liƙa sanarwa cewa Manaja na neman abokin wasan bibbiyu don karawa da wani kamfani, kuma nan da mako uku zai gwada masu so, sai Sai-Na-Manya ya tuna ashe shi ma ɗan tanis ne. Gaskiya ne bai taɓa riƙe raket ba. Amma ya sha kallo a talabijin, kuma sau da yawa yakan gano kuskuren zakarun duniya tun kafin su yi shi.

Washegari ya dira a shagon kayan wasanni. Mai shagon wata dattijuwa ce mai furfura, ta yi shekara ashirin tana koyar da tanis kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Ta tambaye shi yaushe ya fara wasa, kusa da raga ya fi son tsayawa ko can baya, kuma ko hannunsa na masa ciwo. Ya sha mur, ya sanar da ita cewa a wurin aikinsa shi ke yi wa masu kawo kaya tambayoyi, ba su ke yi masa ba. Daga wannan amsar ta gane duk abin da take son ganewa. Ta ɗauko masa wani raket mara nauyi, mai faɗin fuska, ta ce irin wannan yana yafe wa mai koyo: ko ƙwallo ta bugi gefe za ta tsallake raga, hannu kuma ba zai wahala ba.

Ya karɓa da yatsu biyu, ya jinjina.

"Malama, na ce miki ƙuda zan kora? Ni mutum tara ne a ƙarƙashina. Ba na zo neman abin da zai yafe mini ba, ni ke yafe wa mutane. Wancan na cikin gilashi, sauko da shi."

Na cikin gilashin baƙi ne wuluk, siririn fuska, mai nauyi. Ta yi masa bayani a hankali cewa na ƙwararru ne, wurin da ke bugun ƙwallo da kyau a jikinsa bai wuce tafin hannu ba, in an kuskure shi kuwa duk girgizar a gwiwar hannu take sauka. Kalma ɗaya ya ji a cikin bayanin, ƙwararru, sauran ya bar mata.

Sai aka zo gwajin mariƙi. Masu wannan sana'a suna da hanyarsu: ka riƙe raket, ka sa ɗan yatsan ɗaya hannun a tsakanin kan yatsunka da tudun tafinka. In ya shiga cif, to mariƙin naka ne. Hannun Yallaɓai ƙarami ne, mai laushi, wanda bai saba da abin da ya fi biro nauyi ba. Da aka gwada, lamba biyu ce ta zauna masa. Ya tambayi wacce ce mafi girma, aka ce biyar. Ya ce to biyar za a ba shi, don shi ko a makaranta bai taɓa yarda da lamba biyu ba. Dattijuwar ta nuna masa yatsu uku na shiga giɓin har da saura, ya ce ai wannan sarari ne na ci gaba. Da ta tambayi yadda za a ɗaure zaren fuskar raket ɗin, ya ce a ja shi tamau iya ƙarfin injin, shi ba ya son sako-sako ko a ofis. Ta dube shi, ta dubi raket ɗin, ta ɗora masa bandejin gwiwar hannu a cikin jakar, kyauta.

Mako uku raket ɗin nan ya fi mu zuwa aiki da wuri. A taro yakan kwantar da shi a kan tebur tsakanin fayiloli, ya riƙa shafa shi yana magana. Masu kawo kaya sai sun ji tarihinsa kafin a duba takardarsu. Da yamma kuma yakan yi atisaye da bangon gareji a gida, kuma dole a yaba masa, bango faɗinsa taku goma amma yakan same shi sau ɗaya cikin huɗu. Laifin na ƙwallo ne, wani lokaci na iska. A mako na biyu ya fara shan shayi da hagu. Murɗa hannun ƙofa ya zama aiki, sai ya tsaya har wani ya zo wucewa, ya bar shi ya buɗe kamar girmamawa ce yake karɓa. Matarsa ta ga yana cije leɓe wajen sa maɓallin riga, ta ce don Allah Baban yara ya koma shagon a canza masa mara nauyin, ba wanda zai sani.

"Ke ba ki san wasanni ba," in ji shi. "Wannan ba ciwo ba ne, hannu ne ke tashi zuwa matsayin raket. Duk babban ɗan wasa ya bi ta nan. In na koma na ce a ba ni ƙarami, gobe da wane ido zan kalli 'yan sashena?"

Ranar Asabar da hantsi muka cika bencin fili. Mutum biyar suka fito gwaji. Sai-Na-Manya ya zo cikin farare tun daga hula har safa, ya nemi a fara da shi don yana da wani taron. Ya cilla ƙwallo sama, ya kai mata wani irin sara da ya sa muka sunkuya, ƙwallo ta sauko lafiya ta buga masa kafaɗa. Ta biyu ta bugi bakin raket ta haura wayar shingen fili zuwa wurin ajiye motoci. Manaja, mutum mai haƙuri, ya ce bari ya riƙa turo masa a hankali. Ya turo shida. A ta bakwai Yallaɓai ya same ta, mariƙin da yatsunsa ba sa iya zagayewa ya juya a hannunsa, raket ya tafi raga, ƙwallo ta tsaya a gabansa. Ya dafe gwiwar hannu, fuskarsa ta yi fari kamar rigarsa. Ya ce ya bar sauran ga matasa, ya dawo benci yana gumi sharkaf. Gaskiya a lokacin ya ba ni tausayi.

Na ƙarshe a layi shi ne mai kula da sito, ɗaya daga cikin mutum taran nan na ƙarƙashinsa. Mutum ne shiru-shiru, damtsensa ya cika da ɗaukar kwalaye, kuma ashe tun yana makaranta yake buga tanis da wani tsohon raket da fentinsa ya goge. Sun yi musayar ƙwallo uku da Manaja sai zaren raket ɗinsa ya tsinke. Manaja ya waiga benci, ya ce Shugaban Sayayya ya taimaka ya ara masa nasa, tunda hutawa yake. Ba yadda za a yi a ce a'a. Mai sito ya karɓa da hannu biyu yana godiya, ya riƙe, ya sa yatsa a giɓin, ya shiga cif.

Abin da ya biyo baya ba mu taɓa ganin irinsa a filin nan ba. Ƙarar bugun ma daban take. Ƙwallo na sauka inda aka aike ta, a kan layi, a kusurwa, a gindin raga. Manaja ya yi ta gudu yana dariya kamar yaro, bai tsaya ba sai da numfashinsa ya ƙare. Nan take ya dafa kafaɗar mai sito, ya ce ya sami abokin wasa, kuma daga yau kowace Asabar a motarsa za su riƙa zuwa.

Da wani ne, da tuni ya sulale gida. Sai-Na-Manya kuwa ya miƙe, hannu a maƙale a ƙirji, ya ratsa mu har gaban Manaja.

"Ranka ya daɗe, ka ga aikin ido ke nan. Mai shagon da kanta ta so ta karkatar da ni, na ƙi. Ni in na ɗaga abu na san me ke cikinsa. Irin wannan hangen ne ma'aikata ke buƙata a sama."

Manaja ya karɓi raket ɗin, ya jinjina shi, ya gyaɗa kai da gaske.

"Ban musa maka ba. Ka bar masa shi har a gama gasa. Wallahi da ina tunanin matso da kai kusa da ni, amma yau na gane kuskurena. Mutumin da ya iya zaɓen kaya haka, zalunci ne a ɗauke shi daga Sashen Sayayya. Muddin ina nan, babu mai taɓa maka kujerarka."