Sunan Haruna a Layi na Sha Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matar Haruna ta zo ofishinmu ba, ko da kuwa na so in manta.

Haruna direban kamfaninmu ne a Maitama, ni kuma akawu ne a sashen albashi. Shekara tara muna shiga mota ɗaya daga Masaka kowace safiya, shi ke kama mini wuri kusa da taga. A watan Mayu ya kwanta zazzaɓi na kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa.

Ƙa'idar aikina ba ta da wuya. Idan ma'aikaci ya rasu a tsakiyar shekara, ana zuba masa kuɗin fansho zuwa watan da ya rasu. Daga nan sai a cire sunansa daga jerin da muke aika wa kamfanin fansho, a rubuta musu takardar sanarwa, sannan iyali su nemi haƙƙinsu. Na san wannan sarai (ni ne ma ke koya wa sababbin ma'aikata).

Amma da na buɗe jerin a ƙarshen Yuni, sai ga shi a layi na sha huɗu: Haruna, direba. Na ɗora yatsa zan goge, na kasa. Na ce sai wata mai zuwa. Da watan ya zo, na sake cewa haka. Takardar sanarwar kuwa tana durowata, ban kai wa oga ya sa hannu ba. A raina, wai zumunci nake riƙewa.

Wata Talata a watan Oktoba oga ya aika a kira ni. Na tarar da Maman Sadik, matar marigayin, zaune a bakin kujera. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta rungume wata leda mai takardar shaidar mutuwa da ta kotu.

Oga ya ce, "Malam akawu, ka san wannan baiwar Allah?"

Na ce, "Na san ta, oga. Da ni aka sa mijinta a kabari."

"To, sau uku tana hawo mota daga Masaka zuwa kamfanin fansho. Sun ce a wurinsu mijinta yana bakin aiki, ko watan jiya an zuba masa."

Sai ita ta ɗago, ba faɗa, ba kuka, ta kira ni da sunan da ake kirana a unguwa.

"Baban Ummi, ashe yana wurinku? Don Allah ku sallame shi haka nan. Tun da aka koma makaranta Sadik yake zaune a gida."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. A gabanta na buɗe jerin na goge sunan. Bai kai minti ɗaya ba. Washegari ni da kaina na kai takardar, na bi layi har aka karɓa.

Tun daga nan, in aka yi rasuwa a wurinmu, ranar nake cire suna in rubuta sanarwa. Wasu na cewa ba ni da tausayi. Ba na musu. Na taɓa yin tausayin na wata huɗu, maraya ne ya zauna a gida.