Yadda Ake Kankare Gishirin Katanga a Ɗora wa Maƙwabciya Laifi

Wannan al'amari ya fara ne a watan Rajab na bara, ranar da Hajiya Awadiyya ta dawo gidanta na Umdurman bayan shekara biyu da yaƙi ya zaunar da ita a Kassala wajen 'yarta. Ta iske ƙofa ba kwaɗo, tagogi ba labule, amma ginin yana tsaye, ta yi sujadar godiya a tsakar gida. Da ta ɗago kai ne ta ga katangar jan bulo da ke tsakaninta da maƙwabciyarta Gogo Uwa ta yi fari fat, daga ƙasa har zuwa ƙugu, kamar an watsa mata garin kanwa.

Na bi diddigin yadda Hajiya ta yi da wannan gishiri, na tsara shi mataki-mataki domin amfanin 'yan'uwa mata masu dawowa gidajensu. Ina ba ki tabbaci, 'yar'uwa, idan kika bi matakan nan bakwai ba ki tsallake ko ɗaya ba, cikin wata uku za ki rabu da gishirin, ko kuwa ki rabu da maƙwabciyar. Ɗayan biyun dai ba makawa.

Mataki na ɗaya: Kada ki yi tambaya

A ƙofar gidan Hajiya, daidai kusurwar da katangar nan ta iske titi, akwai sabil, wato randuna uku na ruwan sha da marigayi mijinta Malam Badaru ya kafa wa masu wucewa shekara talatin da suka wuce. Ranar da ta dawo ta same su cike, ruwan da sanyi, moɗar tana ɗaure da sabuwar igiya. Ƙarfen da randunan ke hawa a da ya bi labulen tagogi zuwa hannun ɓarayi, yanzu a kan 'yan bulo suke zaune, sun jingina da bango.

Mace mai garaje za ta tsaya ta ce wa ya yi wannan aiki. Ke kada ki tsaya. Tambaya tana jawo amsa, amsa kuma tana ɓata shiri. Hajiya ta yanke a ranta cewa ɗanta Zainul'abidin ne, tunda ya riga ta isowa da kwana biyu, ta kira shi ta sa masa albarka. Shi kuwa ya karɓa bai san ta mece ce ba. Albarkar uwa ba a mayar da ita.

Daga ranar ta ci gaba da cika randunan da kanta kowace safiya da tiyo, har sai sun tumbatsa ruwa ya kwanta a gindinsu. Sadaka ba ta son ƙwauro.

Mataki na biyu: Ki wanke da ruwa, kada ki yi rowarsa

Ki samo bokiti, sabulu da soso, ki yi bismilla. Gishiri yana narkewa a ruwa, wannan ko a ajin farko an koya mana. Kafin azahar katangar za ta koma ja wur kamar lallen amarya, ke kuma ki zauna ki dube ta ki ji daɗi. Ki ji daɗin da wuri, domin kwana uku ne. Ruwan da kika zuba zai shige cikin bulo, ya taso da gishirin da ke kwance a can, ya fito da shi tare da 'yan'uwansa.

A jikin katangar akwai naffaj, 'yar ƙofar nan da maƙwabta ke hudawa a tsakaninsu don miƙa wuta, miƙa miya da miƙa labari ba tare da an zagaya ta titi ba. Shekara talatin da huɗu wannan naffaj tana buɗe. Ta nan Gogo Uwa ta leƙo a wanki na huɗu, riƙe da butar jabana, wato gahawa, da kofi biyu.

"Ummu Zainu, ki bar shayar da shi. Busasshiyar tsintsiya ake sa masa, a kwashe a kai nesa."

"Yaya, shekara ashirin da biyu na yi ina aikin jinya. Dattin da ya gagari ruwa da sabulu ban gan shi ba tukuna."

"To yau kin gan shi. Karɓi, kafin ta huce."

Ki karɓi jabanar, amma kada ki karɓi shawarar.

Mataki na uku: Ki zaɓi mai laifi daga kusa

Masana za su ce miki ƙasar unguwa ce ke da gishiri, ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso, ko tun daga wajen masu ƙona bulo a bakin Nilu aka kawo shi. Mai yiwuwa ne. Sai dai ƙasa ba ta jin kunya, Nilu kuma ba ya jin habaici. Ki nemi mai laifin da ke da kunne.

Hajiya ta zauna ta yi nazari irin na masu ilimi. Na farko, Gogo Uwa tana wanki a tsakar gidanta, tsakar gidanta kuma a bayan wannan katanga yake. Na biyu, shekara biyu ba kowa a wannan gefe, ita kaɗai ce ta ƙi barin unguwa. Na uku, kuma shi ne babba: a ina ta san maganar busasshiyar tsintsiya? Wanda ya san magani tun ba a tambaye shi ba, ya san inda ciwon ya fito.

Idan kin kai nan, ki rufe bincike. Hujja uku sun ishi alƙali.

Mataki na huɗu: Ki je kasuwa

Ki ɗaura tob ɗinki, wato lafayarki mai kyau, ki tari raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Kasuwar Umdurman. A layin masu kayan gini kowane ɗan kasuwa likitan bango ne. Na farko ya sayar wa Hajiya burushin ƙarfe. Na biyu ya ce ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake sa wa salak, kofi ɗaya a kofi biyar na ruwa. Na uku ya yi wa na farko da na biyu dariya, ya ce fenti mai mai, shafi biyu, gishiri ba zai sami hanyar numfashi ba.

Ki saye duka. Burushin zai fitar da gishiri, ya haɗa da fatar yatsunki. Khal ɗin zai yi aiki na gaskiya, sai dai mako guda duk wanda ya shigo gidan zai riƙa waige yana neman inda aka ajiye salak. Fentin shi ne ya fi daɗewa. Kwana goma sha tara ya yi yana ƙyalli, sannan ya kumbura, ya fara sulluɓewa kamar ɓawon dafaffen ƙwai, gishirin ya leƙo ta ƙarƙashi lafiyarsa lau.

Kada ki manta, a kowane shago ki ambata cewa wata baiwar Allah ce ke jiƙa miki bango. Kada ki faɗi suna, wannan giba ce. Ki faɗi unguwa da layi kawai.

Mataki na biyar: Ki yi fushi bisa ƙa'ida

Ki jawo buhun gawayi ki jingina a bakin naffaj, ki ce wuri ne ya yi miki ƙaranci. Ki rage gaisuwa. A nan sai an yi hattara, domin addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Hajiya mace ce mai kiyaye iyaka. Duk rana ta uku bayan la'asar sai ta tsaya jikin katanga ta ɗaga murya.

"Salamu alaikum, Yaya."

"Wa alaikumus salam. Har kwana ukun sun cika?"

"Sun cika."

"To Allah Ya kai mu na gaba. Ga kisra nan a kan gawayinki, kada kaji su riga ki."

Ki ɗauki kisrar, wato gurasar dawa mai falefale. Almubazzaranci haramun ne, fushi kuma ba da abinci ake yi ba. Ki mayar da farantin a wanke, amma babu komai a ciki. Duk wadda ta zauna a wannan gari ta san abin da faranti wayam yake nufi.

Mataki na shida: Ki kira magini, ki gaya masa amsa kafin ya duba

Hajiya ta aika aka kira Usta Abdulganiyu, dattijon magini daga unguwar Hajj Yusuf, wanda rabin katangun layin suka san hannunsa. Ta zaunar da shi, ta ba shi shayi, ta yi masa bayani dalla-dalla: danshi daga gidan maƙwabta yake zuwa, ta naffaj yake ratsowa, saboda haka a toshe naffaj da bulo, a yaɓe katangar da siminti.

"Naffaj ɗin Gogo Uwa?" in ji Usta.

"Naffaj ɗin katangata."

"Kwayyis, ba laifi."

Ya kwaɓa siminti kamar yadda aka umarce shi. A nan nake jan kunnenki: ki nemi magini mai hannu, ba mai ido ba. Usta Abdulganiyu yana jiran kwaɓin ya kwanta sai ya lakaci gishirin ya ɗanɗana, ya ja da baya ya ƙura wa bangon ido. A wajen naffaj farin bai wuce idon sawu ba. Ya bi shi da yatsa, farin yana hawa, gwiwa, cinya, ƙugu, har ya kai kusurwar titi. Ya buɗe ƙofa ya fita. Hajiya ta bi shi da kofin shayinsa a hannu.

Ya durƙusa ya zura hannu bayan randunan, ya fito da shi jiƙe da taɓo.

"Hajiya, ga maƙwabtan naki nan su uku. Randa gumi take yi, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Da tana kan ƙarfe, da kwano a ƙasa yana tare ɗigon. Yanzu katanga ce kwanon. Wannan ba shan wata uku ba ne, ya yi shekara biyu tana sha. Wa ya jingina su haka?"

Mataki na bakwai: Ki koma ciki ki rufe ƙofa

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma a nan ne Hajiya ta kasa. Da ta shige gida a wannan lokaci, da aikin wata uku bai lalace ba. Sai ta tsaya. Gogo Uwa kuwa tana zaune a dakalin ƙofarta tana tsince wake, ta ji komai.

"Ni ce, Usta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da aka ɗauke ƙarfen na same su a ƙasa, ɗaya ta kusa kifewa. Ƙarfina bai kai in yi musu wani gata ba, na turo bulo na jingina su."

"Yaya, ke kika riƙa cika su?" in ji Hajiya.

"Aljanu ne. Wata goma sha ɗaya famfo bai ɗiga ba a layin nan. Mai amalanken jaki ke kawo ganga, rabi nawa, rabi na Malam. Mutane na wucewa da yara a kafaɗa, Ummu Zainu. Na ce sadakar mutumin nan ba za ta yanke ina raye ba."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kin tambaye ni? Kuma na ga yadda kike kallon bangon nan, na ji tsoro ki ce a kwashe su. Gara ki yi fushi da ni, na saba. Zo ki ga nawa gefen."

Suka shiga ta titi, tunda gawayi ya tare gajeriyar hanya. A gefen Gogo Uwa gishirin ya kai ƙirji. Wata guntuwar tsintsiya da ta cinye har gindi tana jingine a kusurwa.

"Duk Juma'a nake share shi," in ji Gogo Uwa. "Ya dawo, in sake sharewa. Mun saba da juna."

Hajiya ta daɗe tana duban tsintsiyar. Ta miƙa wa Usta shayinsa, ya riga ya huce.

Usta ya ce maganin ba wuya. A janye randunan kamu biyu daga bango, a ɗaga su sama, a sa kwano a ƙasa. A bar katangar ta sha rana wata huɗu ba ruwa, ba fenti, ba yaɓe, sai busasshiyar tsintsiya.

"Abin da na faɗa tun Rajab," in ji Gogo Uwa. "Amma ni ban yi aikin jinya ba."

"To simintin fa, Hajiya?" in ji Usta. "Na riga na kwaɓa, ba ya jiran kowa."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin yatsun da suka saɓule ba, ko fentin da ya kumbura, ko farantin da aka mayar wayam. Ba ta da hannu a abin da zai biyo baya idan magininki ya kasance mai ɗanɗana bango. Duk wadda ta bi matakan nan ta rasa maƙwabciyarta, ita da Ubangijinta. Wadda kuma ta kasa a mataki na bakwai, kada ta zo ta ce ba a gargaɗe ta ba. Allah Shi ne Masani.

Amsar da Hajiya Awadiyya ta ba Usta ita ce, ya yi wa randuna dakali da simintin. Ta ce a janye buhun gawayi, naffaj ba za a toshe ba, sharar Juma'a kuma gefe biyun ita za ta riƙa yi.