Maman Ramu

Duk Alhamis muna haɗuwa a gidan Anti Larai a Gaya, muna saƙa barguna da 'yan tsana da kwarashi. Da na iya bin zanen haruffa gida-gida, sai na ƙudura zan saƙa wa ɗana Umar bargo mai sunansa, in rufa masa a goye ranar sunan jaririn ƙanwar mijina a Ajingi. Dangin miji suna ganin ban iya komai ba, abin yana cina.

Kowane harafi fallensa daban, ya fito tsaf. Anti Larai ta ce, "Kawo in jera miki kafin ki haɗe." Na ce, "Haba Anti, sunan ɗana ne fa."

Na manta a makarantar allo hannuna ya yi wayo. Daga dama na fara jerawa.

A gidan suna na yi ta juya baya don a gani. Surukata ta gyara tabarau, ta karanta a hankali: "Ra-mu. Ikon Allah, yaushe aka sake wa jikana suna?"

Bargon dai ba rami ko ɗaya. Umar har ya fara tafiya, amma ko a waya dangin miji suka kira sai na ji, "Maman Ramu, ya saƙa?"